Haƙoran Ajiya

A taron ƙungiyar likitocin haƙori abin ya samo asali. An gayyato wani masani ya yi musu bayani a kan sabuwar na'urar nan da ke ɗaukar hoton kan mutum ta kowane ɓangare, a ga muƙamuƙi da haƙora tsaye a allon kwamfuta, a juya su gaba da baya, a leƙa har ƙarƙashin dasashi. Tiridi ake ce mata. Da masanin ya gama ya tambaya ko su wa suka san aikinta, sai zauren gaba ɗaya ya ɗaga hannu, har da waɗanda barci ya kwashe tun ana gabatar da manyan baƙi. Wani likita da ake kira Mai Filaya kuwa ɗaga hannu bai ishe shi ba. Miƙewa ya yi, ya gyara wuyan riga, ya shaida wa jama'a cewa shi tasa na'urar tana kan hanya, duk mai son koyo ya zo, ƙofarsa a buɗe take. Aka yi masa tafi. Sai da ya fito bakin titi iska ta buge shi, sannan ya tuna ko hoton na'urar bai kalla da kyau ba, don lokacin da ake nunawa yana ba na kusa da shi labari.

Kada a yi masa ƙazafi, likita ne na gaskiya, ga takardarsa nan a bango cikin gilashi. Sai dai tun da ya buɗe asibitinsa, tsakanin shagon mai aski da rumfar mai walda, aikinsa ɗaya ne: ka shigo da haƙori, ka fita babu. Ga shi da baki kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Zai cusa maka auduga da ƙarfe a baki, sannan ya tambaye ka ya iyali, ya aiki, ko ka taɓa ganin hannu mai sauƙi irin nasa, kuma ya tsaya yana jiran amsa. Mutane don kunya sai su gyaɗa kai, shi kuma ya ɗauka shaida ce suka bayar.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gyaɗa masa kai ba, wato surukinsa, mahaifin matarsa. Tsohon hedimasta ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen kama 'yan makaranta da ƙarya, shi ya sa ko gaisuwa ka yi masa sai ya auna ta kafin ya amsa. Shi ya laƙaba wa likitan sunan Mai Filaya, sunan ya bi layi ya zauna daram. Tsohon nan haƙoran tauna, wato turame, biyu suka rage masa masu aiki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna haɗuwa daidai a gefen hagu, kuma da su yake cin namansa. In suka ɗan motsa masa, gara ya shiga motar haya ya ƙetare gari ya kai wa wani likitan, da ya buɗe baki a gaban mijin 'yarsa. Duk layin an san da wannan, har mai shayi yakan tambayi Mai Filaya, da fuskar tausayi, ko Baba ya dawo daga wurin likitansa. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Don haka ya sha alwashi cewa da wannan na'ura sai tsohon nan ya zauna a kujerarsa, ya kuma kira shi Likita da bakinsa a gaban mutane.

Ya sayar da motarsa, na'ura ta zo. Ta hannu ce, daga wani asibiti da aka rufe, kuma ta ƙi shiga ƙofa sai da mai walda ya yanke ƙyaure aka fasa gefen bango. Injiniyan da ya haɗa ta ya ce zai zauna ya koya masa aikinta da yadda ake karanta hoton, don karatun ya fi ɗaukar wuya. Da su biyu ne kaɗai, wataƙila da ya yarda. Amma rabin layin na tsaye a bakin bangon da aka fasa, sai ya yi dariya ya dafa kafaɗar injiniya, ya ce masa yaro, ai na rigingine ba a nuna masa farin wata. Injiniya ya tattara kayansa, yana fita yana cewa to aƙalla a riƙe abu ɗaya: mutum ya ɗora haɓa a mazauninta, ya ciji 'yar sandar roba, kada ya motsa ko kaɗan har hannun na'urar ya gama zagaya kansa. A daidai lokacin Mai Filaya yana gaya wa mai shayi cewa irin wannan na'ura ko a manyan asibitoci sai mai ƙafa ke ganinta.

Mai aski aka fara sakawa, don ya fi kowa ɗoki. Ya ɗora haɓa, ya ciji sanda. Likita ya koma bayan bango, ya leƙo ta 'yar taga, ya danna maɓalli. Na'ura ta soma zagayawa tana ƙugi, ɗaki ya yi tsit, shi kuwa duk duniya ba abin da ya kasa jurewa irin shiru. Sai ya ɗaga murya ya tambayi mai aski ya yake ji, ya kasuwa, ya jikin tsohuwa, ko ya taɓa zaton zai ga irin wannan rana a layin nan. Mai aski, wanda shi ma baki ne rabin sana'arsa, ya amsa duka ɗaya bayan ɗaya da sanda a baki, har ya ƙara da labarin wani mai sanƙo da ya zo a gyara masa gashin gaba.

Hoto ya fito. Ƙoƙon kan mai aski ne sosai, yana murmushi irin na ƙwarangwal, amma haƙoransa jeri uku ne, ɗaya a bayan ɗaya, na ukun dishi-dishi. Ba wani abin al'ajabi ba ne, duk wanda ya motsa ana ɗaukarsa hoto biyu zai fito, ko uku in motsin ya yi yawa. Amma Mai Filaya ya ce a ransa shi ke nan, an sayar masa da ruɓaɓɓiya, mota ta tafi a banza. Ga mutane sun cika bayansa suna hura masa numfashi a wuya. Mai shayi ya miƙa yatsa ya tambaya waɗannan na bayan fa, na mene ne.

Amsar da ta dace da wurin ita ce "ban sani ba", amma tun da uwarsa ta haife shi wannan magana ba ta taɓa bi ta bakinsa ba. Ya yi gyaran murya, ya juya hoton hagu, ya juya shi dama, don ya sami sararin tunani.

"Haƙoran ajiya ne," in ji shi. "Kowa ya san na yarinta suna zubewa na manya su fito. To ashe akwai wasu a ɓoye, tsohon hoto ne ba ya kai wa gare su. Ni na daɗe ina zargin haka."

Kafin ya rufe baki shi kansa ya yarda da maganar, har ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Mai aski ya fita yana shafa kumatu, yana gaya wa duk wanda ya ci karo da shi cewa shi jeri biyu gare shi a ajiye, ban da na aiki.

Gari na wayewa layi ya kai har bakin titi. Banza ta faɗi, kowa na son ya san abin da Allah ya ajiye masa. Kowa ya shiga sai likita ya gaishe shi ta taga, ya amsa ko ya gyaɗa kai, ya fito da rabonsa. Tela ya sami jeri ɗaya na ajiya, mai walda ɗaya da rabi, mai kanti da yake yana fama da tari ya sami har muƙamuƙi na biyu, ya fito yana tambaya ko ya kamata ya ƙara yawan abinci. Wani kurma mai gyaran takalmi ya fito da iya abin da ya shiga da shi, aka yi ta yi masa jaje da hannu, shi bai ma san ya yi rashi ba. Matar likita ma ta shiga, da ƙyar da roƙo. Ita kuwa shekara da shekaru tana jin muryar mijinta kamar ƙarar fanka, ba amsa ba gyaɗa kai, don haka hotonta ya fito tas, haƙora jeri ɗaya. Ya dube ta da tausayi ya ce kada ta damu, wataƙila uwarta ta gado. Ta ce ita dai abin da ta lura, ita da kurma ne kawai ba su kula shi ba, kuma su ne kawai ba su samu ba. Ya ce mata wannan shi ake kira hassada.

Daga nan layin ya lalace. Buroshi da man goge baki suka yi kwantai a kanti, alewa ta ƙare ƙarƙaf. Samari suka koma buɗe kwalba da haƙori, wai in ya karye akwai safaya. Rigima ta haɗa tela da mai walda a kan wayar wuta, tela ya miƙa fuska ya ce ya buga in ya isa, mai walda kuwa bai yi masa rowa ba. Wata mata ta taso saurayin 'yarta a gaba ta kawo a duba shi kafin magana ta yi nisa, don ba za ta haɗa jini da masu jeri ɗaya ba. Yaron ya shiga jikinsa na ɓari saboda tsoronta, ya fito da jeri uku, nan take ta soma kiransa ɗana. Mai aski ya daina gaisawa da kurma, wai kowa ya tsaya a matsayinsa.

Duk wanda haƙorinsa ya ɗan yi tsami sai ya garzayo, Mai Filaya ya nuna masa na ajiyar a allo, ya ce tsohon ne ya tare masa hanya, ya sa filaya. Abin nema ya samu, tsohuwar sana'arsa ta dawo da sabuwar riga. Masu giɓi suka yawaita, kowa na tafe yana lasar wurin da harshe yana jira. In wani ya gaji ya nemi a sake ɗaukarsa a ga inda sabon ya kwana, sai likita ya ce masa ba a tone iri don a ga ko ya tsiro. Mai walda ne ya fara ƙosawa. Ya zo ya tsaya a ƙofa da baƙin gilashinsa a goshi, ya ce an cire masa na gaba tuntuni amma har yanzu shiru, in ya kurɓi shayi ta nan yake dawowa, 'ya'yansa kuma sun raina faɗansa don da fito yake fita. Likita ya tambaye shi ko yana shan ruwan sanyi. Ya ce a zafin nan wa zai ƙi. Likita ya tafa hannu ya ce to ai kai ka kore shi, sabon haƙori jariri ne, ba ya son sanyi. Mai walda ya koma rumfarsa yana ba kansa laifi.

Labari ya kai wa tsohon hedimasta. Ya zo da sandarsa wata safiya, ba don a duba shi ba, sai don ya kama ƙarya da hannunsa kamar yadda ya saba. Ya cire hula da tabarau ya ajiye, ya ɗora haɓa, ya ciji sanda yana harara. Mai Filaya ya ga ranar da yake jira ta zo, bakinsa ya ɓalle. Ta taga ya shiga gaya wa tsohon cewa nan gaba kaɗan sunansa zai shiga littattafan likitanci, jikokin Baba za su riƙa haddace shi a makaranta, har wata ƙasa ta soma nemansa a ɓoye. Tsoho ya ji abin ya wuce hankali, ya ja tsaki ya girgiza kai, irin yadda yake yi wa ɗalibin da ya zo ya ce kakarsa ta sake rasuwa.

Hoto ya fito, ga turame biyu, ga wasu biyu a bayansu, sak irinsu. Tsoho ya mayar da tabarau, ya matso da kujera, ya karɓi linzamin kwamfuta ya riƙa juya ƙoƙon kan nasa da kansa, ta sama, ta ƙasa, ta ƙeya. 

"Kai dai ban yarda da kai ba," ya ce daga ƙarshe. "Amma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba. Gani ya kori ji."

Mai Filaya ya ga ƙofa ta buɗe, ya faɗa da ƙafa biyu. Ya ce tsofaffin nan sun gaji, su ne suka danne sababbin, in aka kawar da su ba da daɗewa ba Baba zai koma fasa ƙashi kamar ɗan saurayi. Tsohon da ya daɗe yana tauna a gefe guda cikin lallami, yana miƙa wa jikoki ƙashi ransa na so, ya haɗiyi yawu ya hau kujera. Ana shirin allura sai ga matar likita, labari ya same ta a gida ta baro girki a kan wuta.

"Baba, don girman Allah kada ka yarda. Su ke nan gare ka."

"Ba maganar mijinki na bi ba, hoto na gani."

"Baba, ni ma na shiga, hoton nan bai nuna mini komai ba."

"Ke ai uwarki kika gado," in ji tsoho, don maganar ta riga ta zagaya har ta iso kunnensa.

Ta juya ga mijinta ta ce masa ƙasa-ƙasa, ya yi wasa da bakin duk wanda ya ga dama, amma wannan ubanta ne, in abin ya zo da matsala ba ta san da wane ido za ta sake kallonsa ba. Ya ce ta koma ga girkinta, wannan aikin masana ne.

Turamen sun yi gardama, don saiwarsu lafiya lau take, sai da likita ya haɗa gumi ya dafa gwiwa a jikin kujera. Da ya gama ya ɗaga su sama a bakin filaya kowa ya gani. Tsoho ya tashi da auduga a kumatu, ya dube shi ya ce, "Sannu, Likita." Muryar a cushe ta fito, amma mai shayi ya ji, mai aski ma ya ji. Mai Filaya ya ji daɗin da rabonsa da irinsa tun ranar aurensa, har ƙwalla ta cika masa ido, ya fake da cewa sabulu ne ya fantsar masa.

Aka shiga jira. Kullum da safe tsoho zai zo ya hau kujera ya buɗe baki, likita ya haska fitila ya ce alhamdu lillahi, wurin ya soma tudu. Tsoho ya koma cin burodin da 'yarsa ke jiƙa masa a shayi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bai yi ƙorafi ba. Mutumin da bai taɓa yabon kowa ba, sai ga shi a majalisar tsofaffi yana cewa mijin 'yarsa ya gano abin da ya gagari duniya. Ya bi ta wurin mahauci ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya kusa dawowa, kuma wannan karon mai ƙashi zai riƙa saye. Matar likita kuwa ta daina ko tankawa a gida, shi kuma bai lura ba, don dama ba amsarta yake jira ba.

Da mai hankali ne, da ya tsaya nan ya jira ko haƙori ɗaya ya leƙo. Shi kuwa ƙungiya ya gayyata. Aka kafa rumfa a ƙofar asibiti, aka jera kujerun roba, aka aro babban allo daga gidan kallon ƙwallo aka jona shi da kwamfuta. Likitoci suka zauna gefe guda da fararen rigunansu, masu giɓi gefe guda bakinsu a rufe, tsohon hedimasta a sahun gaba da kayansa na fita. A kan tebur, kusa da lasifika, an ajiye 'yar kwalba da turamensa biyu a ciki, wai su ne manyan da suka ba ƙanana hanya.

Mai Filaya ya yi jawabi har inuwa ta gudu ta bar rabin kujeru a rana. Ya nuna kan mai aski, ya nuna na mai kanti, yana juya su a allo yana nuni da sanda. Likitocin nan kuwa, waɗanda duk suka ɗaga hannu a wancan taro, kowa ya saci kallon na kusa da shi, ya ga yana gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa. Shugaban ƙungiya ya karɓi lasifika ya ce ya taɓa cin karo da batun a wata mujalla, sunanta ne ya kwanta masa. Mataimakinsa ya ce shi tun yana ɗalibi ya taɓa ganin mai irin wannan. Wata matashiyar likita a kujerar baya, wadda ba ta daɗe da gama karatu ba, ta buɗe baki, ta dubi furfurar da ke gabanta, ta mayar ta rufe.

Don kada a bar shi a baya, Shugaba ya ce shi ma a ɗauke shi. Ya shiga da ƙasaitarsa da tabaransa mai kaurin ƙarfe, Mai Filaya kuwa ya ga rashin ladabi ne ya ce wa babba ya cire wani abu daga jikinsa. Na'ura na fara zagayawa ya shiga zuba yabo ta taga, ranka ya daɗe uban likitoci, wanda ba don shi ba da tuni ƙungiya ta watse. Shugaba ya ji daɗi, ya riƙa gyaɗa kai yana cewa ba komai, ba komai, ai yi wa kai ne.

Hoto ya hau babban allo. Ga ƙoƙon kan Shugaba, ga haƙora jeri biyu, aka soma tafi. Sai tafin ya riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya, don a saman hanci ga tabarau, a bayansa kuma ga wani tabarau sak irinsa, a cikin ƙashi. Mai shayi ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Likita, na ajiyar nan da kansa zai fito, ko sai an cire masa na wajen?"

"Wannan sananne ne," in ji Mai Filaya, gumi na bin bayan kunnensa. "Tabarau in ya daɗe a fuska yakan yi saiwa."

"Makon jiya na saye shi," in ji Shugaba a fusace.

"To ai shi ya sa na cikin bai gama nuna ba, ranka ya daɗe."

Dariya ta ɓarke, har wani ya kifo daga kujera. Matashiyar likitar ta miƙe ta ce, da muryar neman gafara, ranka ya daɗe motsi ka yi. Duk wanda ya motsa ana ɗauka komai nasa biyu zai fito, haƙori ne ko ɗan kunne. Ta ƙara da cewa ba a ma saka mutum a na'urar nan don kallo kawai, haskenta ba abin wasa ba ne. Ikon Allah, nan take duk likitocin suka tuna dama sun sani. Shugaba ya ce da gangan ya shiga da tabarau don ya tona asiri. Mataimaki ya ce wancan da ya gani yana ɗalibi, yanzu ya tuna, kifi ne. Gefen masu giɓi kuwa dariyar ba ta yi nisa ba. Mai walda ya sa harshe a ramin bakinsa, ya soma naɗe hannun riga.

Sai aka ji sanda ta bugi ƙasa. Tsohon hedimasta ne ya miƙe, kuma har gobe in ya miƙe wuri yakan yi tsit, don rabin mutanen da ke nan sun sha bulalarsa. Ya ce dariya ba hujja ba ce. Shi da idonsa ya ga nasa, kuma kwanan nan yana jin wurin na yi masa ƙaiƙayi. Likita mijin 'yarsa ne, ba zai zauna yana kallo a wulaƙanta shi a kan tabarau ba. A sake ɗaukarsa yanzu, kowa ya gani.

Wannan kariya ta fi zagi yi wa Mai Filaya ciwo. Tsoro na gaske ya kama shi, ba tsoron jin kunya ba, ya soma cewa Baba na'ura ta yi zafi, a bari sai gobe. Matarsa ta taso daga cikin mata, ta kama hannun farar rigarsa ta zaunar da shi, ta ce masa in ya ko yi tari kafin a gama, ita da shi ne. Matashiyar likita ta ce wannan kam akwai dalili, ta shiga da tsoho. Ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi, na'ura ta zagaya, ba wanda ya ce uffan.

Hoton ya fito tas, mafi kyawun da na'urar ta taɓa ɗauka a layin. Muƙamuƙi ɗaya, 'yan haƙoran gaba da suka rage, sai ramuka biyu a gefen hagu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, bayansu ƙashi ne zalla. Tsoho ya fito ya sa tabarau, ya karɓi linzami ya juya kan nasa a gaban jama'a, ya sake juyawa, ya sake. Yanzu ba mai dariya, har mai shayi ya sunkuyar da kai.

"'Yata," ya ce wa matashiyar likita, "ko dai sun yi zurfi ne?"

"Babu komai a wurin, Baba."

"Ƙaiƙayin fa?"

"Ciwon ne yake warkewa."

Ya taka a hankali zuwa tebur, ya buɗe kwalba, ya juye turamen a tafin hannunsa, ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon ruɓa babu a jikinsu. Ya ƙulle su a bakin hankici ya sa a aljihu. Mai Filaya ya zo gabansa ya durƙusa, ya ce Baba ya yi haƙuri, zai yi masa na roba masu kyau, irin waɗanda ko a manyan asibitoci ba kowa ke samu ba.

"Bar shi," in ji tsoho. "Duk shekarun da na yi ban yarda da kai ba, ina cin namana. Sau ɗaya tak na yarda."

Ya miƙa wa 'yarsa hannu ya ce ta kai shi gida. Ta ɗauki jakarta, ta riƙe shi, suka bi ta tsakanin kujeru mutane na janye ƙafa. Ba ta waiwayo ba, kuma ba hanyar gidan mijinta suka bi ba.